Waiwayen Hagu

Yayana direban bas ɗin 'yan makaranta ne, shekara ashirin da uku yana kai yara yana dawo da su. Wata safiya yana tsaye a danja, bas ɗin babu kowa, wata babbar mota ta daki bayansa. Ƙashi bai karye ba, amma wuyan ya sandare. In ka kira shi ta baya sai ya juyo gaba ɗayansa, kamar ana juya buhu.

Makarantar ta ce za ta jira shi wata uku. In ya kawo takardar asibiti cewa wuyan ya saki, ya koma kujerarsa, in bai kawo ba su ɗauki wani. Ni nake raka shi sashen gashin ƙashi na asibiti duk Litinin da Alhamis, don matarsa na da ƙaramin goyo.

Likitar gashin wata gajeriyar mata ce marar yawan magana. Ta ɗora masa tawul mai zafi, ta bi jijiyoyin da babban yatsa tana dannawa, sannan ta sa shi ya ja haɓa ciki, ya juya kai a hankali har inda zafi ya tsayar da shi. Yaya mutum ne da ko ciwo na cinsa ba za ka ji ya ce wash ba, sai dai in ga gumi na bin ƙeyarsa. A mako na shida waiwayen dama ya dawo. Hagu kuwa ta zo rabi ta kafe, kuma ta nan ne yake leƙa gefen bas, inda madubi ba ya nunawa.

Da lokaci ya fara ƙurewa sai ya koyi dabara. Ya riƙa sa riga mai faɗi, yana ɗan karkatar da kafaɗa tare da kan, yadda mai kallo zai ɗauka wuyan ne ya juya. Na same shi yana gwadawa gaban madubi, ya tambaye ni ko ana ganewa. Na ce ba a ganewa. Har yau ina jin kunyar wannan amsa, amma 'ya'yansa biyar nake hangowa.

Ranar ƙarshe likitar ta kalli rigar. Ta zaunar da shi, ta ce in danne kafaɗunsa a jikin kujera kada in sassauta. Ta zagaya bayansa ta hagu, ta durƙusa, ta ɗaga hannu.

“Baba, waiwayo. Yatsu nawa?”

Na ji kafaɗarsa na neman ƙwacewa a hannuna. Wuyan ya tafi, ya tafi, ya tsaya inda ya saba tsayawa.

“Uku,” in ji shi.

Ukun ne kuwa. Ta miƙe ta koma tebur, ta jawo takardar, ta zare murfin biro. Ni har na fara hamdala a zuci. Sai Yaya ya tambaye ta me ya sa ta durƙusa, alhali kullum a tsaye take gwada shi. Ta ce masa iya tsawon yara 'yan aji ɗaya ke nan.

Ya kafa wa bango ido. Na matsa kafaɗarsa da ƙarfi don ya bar maganar haka, ya kuma gane abin da nake nufi sarai.

“Likita, ajiye biron,” ya ce. “Ban ga hannunki ba. Canka na yi.”

Ta ajiye. Ta ce wuyan zai iya ƙara saki nan da wata biyu ko uku, ya ci gaba da zuwa. Ya yi mata godiya, ya gyara rigarsa.

A hanya haushi da tausayi suka cika min ciki. Ya ce mu biya ta makaranta. Ya shiga ya faɗa wa shugabar da bakinsa, ya fito da sauri kafin a tashi yaran, don ya ce ba zai jure su rugo suna tambayarsa yaushe zai dawo ba.