Siminti a Gindin Tukurwa

Tukurwar da ke bayan gidanmu, daf da magudanar ruwa, ita ce abincinmu ni da Inna. Mu yanko sabon ganye, mu zare zarensa, mu shanya a igiyar wanki, mu saƙa jakunkuna da tabarmi. Baffa, wan mahaifina, bai taɓa ɗaga kai ya dube ta ba sai shekarar da ta yi ƴaƴa.

Manyan gungu ne suka zubo, masu sheƙi kamar an shafa musu mai. Wani mai ɗaukar hoto ya tsaya ya ɗauka, shi ke nan Baffa ya tuna ashe shi ne babban gida.

Washegari sai ga magini da buhunan siminti. Dakali za a yi a kewaye ta, baƙi su zauna su sha kallo. Ƙananan tsiron da suka fito a gindinta kuwa, Baffa ya ce ƙazanta ne, a tuge.

Inna ta durƙusa. "Yaya, ita fa tukurwa in ta haihu mutuwa take. Waɗannan ƙananan su za su gaje ta. A bar mana ko ɗaya."

"Ke dai ba kya son ci gaba," in ji Baffa. "Ina kika taɓa jin haihuwa ta kashe itace?"

Magini ya sani, maƙwabta sun sani, amma kowa ya ce ai Alhaji ya yi hangen nesa. Ni kaina da nake ta cika baki a ɗaki, da na fito sannu da aiki na yi masa. Har yau abin yana ci mini rai.

Aka shafe gindin sumul, aka yi fenti, Baffa ya dangwala sunansa tun simintin bai bushe ba. Baƙi sun zo, ba laifi, har da mai jawabi.

Kafin damina ta zagayo ganyen ya bushe ƙarau. Muka koma warware tsofaffin buhuna muna saƙa da zaren roba, masu saye suna juyawa suna ajiyewa.

Rannan da azahar Baffa ya leƙo ɗakin saƙa yana sharce gumi.

"Rana ta hana ni zama a dakalina," ya ce. "Ki saƙa mini malafa. Amma ta tukurwa nake so, ban da robar nan taku."