Rabin Bulo a Cikin Kwali

Ni ba mai sayar da kayan aiki ba ne. Sifana ko ta karye nakan jefa ta a durowa, wata rana za ta yi rana. Amma ma'aunin nan dole ce ta raba mu, domin idona ya daina ganin allurarsa. Ma'aunin cikin silinda ne, mai fuska zagaye da allura siririya, da sandunansa dogaye da gajeru, duk a kwance cikin akwatin katako. Ka zura shi a injin, ya gaya maka ko silinda ta cinye da kaurin gashi ɗaya. Maigidana da ya koya min sana'a ne ya bar min shi, kuma yanzu ba a ƙera irinsa. Tun da na bar buɗe injin na koma gyaran kik da altanato, wato abin tayar da mota da abin cajin batir, yake kwance, ni kuwa ba na son ganin abu mai kyau yana zaman kashe wando.

Muna da wani guruf a waya, na makanikai zalla, daga garuruwa daban-daban. A nan ake cinikin kayan aiki, a nan ake tambayar wa ya iya kaza, kuma daga nan yawancin aikina yake zuwa. Mutumin da bai taɓa ganina ba zai cire kik daga motar wani, ya aiko min, in gyara in mayar masa. Ba takarda, ba shaida, sunana ne kawai jinginar. Karatuna bai yi nisa ba, saboda haka da murya nake magana a can. In wani ya zuba dogon rubutu, sai na kai wa matata gida, ta ɗaga ƙafa daga keken ɗinkinta ta karanta min.

Da na sa hoton ma'aunin, wanda ya fara magana shi ne wani da muke kira Mai Tari. Garejinsa na can wani gari mai nisa, kuma ba ya iya gama saƙo ba tare da ya yi tari a tsakiya ba, daga nan sunan ya bi shi. Bai ja ciniki ba. Ya ce ya daɗe yana neman irin wannan, ya turo kuɗin tun kafin in nemi kwali. Muka yi da shi zan aiko ta gidan waya.

A garejina kowane kwali da rubutu a jikinsa, da farin fenti, manya-manya, don kada a ɗauki na wani a ba wani. Haka na yi wa wannan ma. Na rubuta a gefensa: KAYAN AWO MAI TSADA, A KULA. A ganina na yi dabara ke nan, kowa ya gani zai ɗauka a hankali.

Matar da ke karɓar kaya a gidan waya ta ɗora shi a sikeli, ta dubi rubutun, ta dube ni. Ta tambaya ko zan faɗi darajarsa a rubuta, in biya inshora. Na ce mata ni ba na biyan kuɗin tsoro, aikinsu ne su kai kaya, su kai. Ta ba ni shawara aƙalla a rufe rubutun da takarda. Na ce ai don a gani na yi shi. Har na ƙara da bayani, da muryata ta gareji wadda ake ji daga bakin titi, cewa abin da ke ciki ya fi albashin wani. Layin bayana ya yi tsawo, masu jera kaya a ciki suna ji. Ta liƙa lamba, ta miƙo min rasit, ta ce Allah ya kai shi lafiya.

Bayan 'yan kwanaki ina tsugune ina goge kwayil, waya ta fara ƙara ba ƙaƙƙautawa. Na buɗe guruf, sai ga bidiyo daga Mai Tari. Kwalina ne a kan bencinsa, ga rubutuna nan fari tas. Ya sa hannu ya ture tsummoki, ya ciro rabin bulo, ya ɗaga shi kusa da waya yana juyawa. Bai yi ihu ba, da ma ya yi. Cikin sanyin murya ya ce ga abin da ya saya da guminsa, ga kuma wanda ya sayar masa, ya kira ni da sunan garejina, ya ce kowa ya yi hattara.

Kafin rana ta yi tsaka guruf ya kama da wuta. Wani ya ce da ma shi bai taɓa yarda da ni ba. Wani da na gyara wa altanato kyauta bara ya ce mutum mugun icce ne. Mutum biyu suka kira suka ce in mayar musu da kik ɗinsu haka nan, ba sai na taɓa ba. Ɗayansu ma, mai garejin da ke bayan kasuwa, da ƙafarsa ya zo, ya ɗauki nasa a wargaje, ya zuba cikin leda, bai yarda mun haɗa ido ba. Na kira Mai Tari, bai ɗauka ba. Na sake kira, ya kashe.

Na rufe gareji na nufi gidan waya da rasit a hannu. Matar nan ta bar ni na gama zazzaga. Sannan ta buga lambar a na'urarta, ta ce kaya ya isa, an sa hannu an karɓa, kuma nauyin da ya tashi da shi kusan shi ne wanda ya sauka da shi. Wanda ya yi aikin ya san sikeli ke nan. Ta ce za ta buɗe min ƙorafi, amma ba zai je ko'ina ba sai wanda ya karɓa ya kai kwalin ofishinsu na can, yadda yake, da duk abin da ke ciki, a duba. In ya jefar da shi, shi ke nan. Ba ta ce min ai na gaya maka ba, kuma na lura da hakan.

Wato wankina yana hannun mutumin da ya ce ni ɓarawo ne.

Na koma gida. Na zauna a bakin gado na danna waya, na fara naɗar saƙon da zan sa a guruf, na fara zagi daga kakan Mai Tari ina gangarowa. Matata ta taso daga keke, ta zare wayar daga hannuna kamar tana karɓe wuƙa daga hannun yaro, ta sa a aljihun rigarta.

"Baban yara, bakin nan naka ne ya kai kwalin hannun ɓarawo. Kada ka bar shi ya ƙarasa sauran."

Na ce ta ba ni wayata. Ta ce mutumin ya biya kuɗinsa ya buɗe kwali ya ga bulo, in ni ne me zan ce? Na ce da ni ne da na hau mota na je na same shi. Ta ce to ka ga ya fi ka haƙuri. Ta koma ta ci gaba da ɗinki, ni kuma na zauna ina kallon bango. Magana zarar bunu ce, na sani, amma a ranar ba na son sani.

Kwana biyu ina buɗe gareji ina share ƙasa ina rufewa. Ba wanda ya aiko da komai. Mai shayin da ke gefena, wanda kullum yake tsokanata da cewa hannuna ya fi gindin tukunya baƙi, ya daina tsokanar, sai ya miƙo kofi ya yi shiru. Wannan shirun ya fi zagi ciwo. Na riga na yanke shawara zan mayar da kuɗin, amma na san ko na mayar cewa za a yi an kama shi ne ya dawo da su.

A rana ta uku da safe, muna karyawa, waya ta yi ƙara a aljihun matata. Ta duba ta ce Mai Tari ne. Ta danna yadda za mu ji mu biyu, ta ajiye a kan tabarma tsakaninmu, ta ɗaga min yatsa.

Bai yi doguwar gaisuwa ba. Ya yi tari, ya ce yana da tambaya ɗaya: wane mai na shafa wa sandunan?

Na ce man keken ɗinki, mana. Wa zai sa wa ma'auni baƙin mai?

Sai ya ba da labari. Ya ce tun ranar ya wurga kwalin ƙarƙashin benci. Yau yana neman abin goge hannu, sai ya jawo tsumma ɗaya daga ciki. Ya ji ƙanshin mai mai tsabta. Ya zazzage sauran a kan benci, ya ga ba tarkace ba ne, farin yadi ne aka yayyanka, wani dogo wani gajere, kowanne daidai tsawon sandarsa. Har yanzu a nannaɗe suke, da shatin ƙarfen a jiki inda mai ya zauna, da ɗan zaren da aka ɗaure bakin kowanne. An zare sandunan ne aka cusa tsummokin gefen bulo don kada ya yi motsi. Daga nan ya kifa kwalin, ya ga an tsaga gindinsa da reza an sake liƙewa da wani salatif daban, ba irin na sama ba.

"Maigida," ya ce, "wanda zai aiko wa mutum bulo ba ya zama ya yi wa kowace sanda riga. Ni ma haka nawa maigidan ya koya min naɗe su. Na zalunce ka."

Matata ce ta yi magana, kuma ba da shi take ba.

"Ashe kai ne ka ƙarar min da mai. Da farin yadin mutane da nake ta nema."

Mai Tari ya ji, ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Na yi zaton iyakarta ke nan, ya kira ya ba da haƙuri a ɓoye, kamar yadda yawancin mutane suke yi: su zage ka a kasuwa, su ba ka haƙuri a lungu. Ba haka ya yi ba. Kafin in isa gareji ya sa sabon bidiyo a guruf. Ya jera tsummokin a kan benci daga dogo zuwa gajere, ya nuna shatin, ya nuna gindin kwalin. Ya ce inda ya zubar da mutuncina a nan zai kwashe shi. Ya ce shi ne ya yi gaggawa, kuma duk wanda ya tura bidiyon farko wani wuri, ya ji tsoron Allah ya bi shi da wannan. Bai tsaya nan ba, ya bi waɗanda suka fi zaƙewa ɗaya bayan ɗaya yana kiran sunan garejinsu, yana tambaya ko sun gani. Makanikai ne, ba wanda ya buƙaci ƙarin bayani. Kowa ya san yadda ake naɗe ƙarfen da ake ƙauna.

A ranar ya rufe garejinsa ya kai kwalin ofishin gidan waya na garinsu. Sau da yawa ya koma, suna ce masa gobe, yana komawa. Ni ma nan ina zuwa wurin matar gidan wayar, ita ce take cike min abin da ake cikewa, ta nuna min inda zan sa hannu. A ƙarshe suka yarda an buɗe kayan a hanya, amma a ina, wa ya buɗe, ba su gano ba, ko sun gano ba su faɗa ba. Abin da suka biya bai taka kara ya karya ba, tunda ban rubuta daraja ba. Ma'aunin kuwa ya tafi. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne wanda ya sace shi wataƙila bai ma san yadda ake riƙe shi ba.

Sai muka koma rigima ni da Mai Tari a kan asarar. Na ce zan mayar masa da kuɗinsa cif, domin kaya bai isa hannunsa ba. Ya ce rabi zai karɓa, domin ya jawo min asarar aiki. Na ce ni ba a yi min sadaka. Ya ce shi ma ba a koya masa gaskiya. Na tura duka, ya dawo da rabi. Na sake turawa, ya sake dawowa da shi. Matata ta ce in muka ci gaba haka kuɗin turawa ne zai cinye abin da muke faɗa a kai. Na haƙura, kuma ba kasafai nake haƙura ba.

Aiki ya dawo a hankali. Mai garejin bayan kasuwa ya zo da ledarsa, kik ɗin na nan a wargaje yadda ya ɗauka, har da wani ɗan zoben noti ya ɓace. Ya tsaya yana sosa ƙeya yana zancen zafin rana. Na karɓa na ce ya dawo jibi, ban ƙara ko kalma ba.

Abin da ya rage shi ne godiya, kuma ita ce ta fi ba ni wuya. Ban saba ba. Na zauna a kan tsohuwar taya a bayan gareji na naɗi saƙo, na saurara, na ji kamar mai roƙo, na goge. Na sake, ya fito kamar ina masa faɗa. A ƙarshe na danna na ce, "Ɗan'uwa, ka tsaya min alhali ba ka taɓa ganin fuskata ba. Ba kowa ne zai koma gaban mutane ya ce shi ne bai yi daidai ba. Na gode. Allah ya tsaya maka." Na tura kafin in sake tunani.

Amsarsa ba ta daɗe ba. Ya ce in bar wannan zancen, akwai wani altanato na babbar mota da ya gagari duk masu gyaran garinsu, mai motar har ya fara yi masa kallon banza. Ya tambaya ko zan iya.

Na ce ya aiko. Na tashi na share benci, na matsar da sauran aikin gefe, na ba shi wuri.