Goyon Ciki a Pumpumre

Da la'asar Hajjo ta sauka daga moto, wato babur ɗin haya, a ƙofar gidan surukinta da ke unguwar Pumpumre a Garwa, ƙafafunta duk taɓo. Tun asuba ta taso daga ƙauyensu da ke bayan Poli don ta tafi da 'yarta Nazira goyon ciki. Haihuwar fari ce, kuma a danginsu ba a taɓa jin wadda ta yi haihuwar fari a ɗakin miji ba.

Nazira ta karɓi ƙullin kayanta, ta kawo mata ruwa, tana ta jan mayafi tana rufe cikinta na wata takwas. Mijinta Taufiƙ, wanda ke fawa a babbar kasuwa, ya durƙusa daga bakin ƙofa ya yi gaisuwa, ya ajiye ledar nama, ya fice. Shi da Nazira sun riga sun shirya cewa ita za ta yi wa mahaifiyarta maganar.

"Jibi za mu kama hanya," in ji Hajjo. "Ruwa ya fara cin gadar nan tamu. In muka ƙara mako sai dai a ɗauke ki a ka."

Nazira ta ce to, alhali ta san ba za ta je ba.

Watanni biyu da suka wuce, Madam Geneviève, ungozomar asibitin da take zuwa awo, ta rufe ƙofa ta zaunar da ita. Ta ce an ga ƙwayar cutar hanta a jininta, wadda ake kira hepatit B. Ta ce ƙwayar kan zauna a jikin mutum shekara talatin bai ji ko ciwon kai ba, a wasu kuma ta yi ta cin hanta a ɓoye har ta zama kansa. Sau da yawa a wajen haihuwa uwa ke ba ɗanta. Amma akwai allurar rigakafi, in aka yi wa jariri kafin ya cika kwana ɗaya a duniya, yawanci yakan tsira. Allurar sai a firigo, wato firji, take zama.

Sai ta tambaye ta, "A gidanku akwai wanda ciwon hanta ya kashe?"

Nazira ta tuna Yaya Halliru, babban wansu, wanda ya rasu bara yana da shekara talatin da ɗaya. Cikinsa ya kumbura, idanunsa suka yi ɗorawa. A ƙauye aka ce jifa aka yi masa a kasuwar shanu, Hajjo ma a kan haka ta tsaya. Tun ranar Nazira take juya abin a ranta. Idan ta faɗi dalilin da zai hana ta zuwa gida, to ta faɗa wa mahaifiyarta abin da wataƙila ya kashe ɗanta, da kuma inda ya samo shi.

Washegari da hantsi suna zaune a tsakar gida suna yanka kuɓewa, Hajjo ta dubi ɗakin ta ce, "Ban ga kin haɗa kaya ba."

"Inna, a nan zan haihu."

Hajjo ta ajiye wuƙar. "Mai naman ne ya hana? Ya ga zai rasa mai tuƙa masa tuwo? Kira mini shi."

"Ba shi ba ne."

"To ke ce kika zama 'yar birni. Ni da na haifi bakwai a kan tabarma, yau ke za ki koya mini?"

Nazira ta sunkuyar da kai. Ta so ta ce likita ne kawai ya hana ta doguwar tafiya, a wuce wajen. Amma ta tuna ƙannenta, Ridwan da Kausar, da ke can gida ba wanda ya taɓa duba jininsu. Ta tashi ta ɗauko karnen asibiti, ɗan littafin da ake rubuta awonta, ta buɗe shafin da aka yi wa jan layi, ko da yake Hajjo ba ta karatun boko. Ta yi bayani a hankali, yadda aka yi mata. Ta faɗi ƙwayar, ta faɗi allurar da firigon. Sunan wanta ne kawai ta kasa kamawa.

Hajjo ta daɗe tana kallon takardar.

"Kika ce ciki yakan kumbura?"

"Wani lokaci."

"Ido ya yi ɗorawa?"

"E, Inna."

"Kuma a wajen haihuwa uwa ke bayarwa." Ba tambaya ta yi ba. Ta buɗe tafin hannayenta tana dubawa kamar za ta ga abin a ciki. "Ni ce ke nan."

"Ba a sani ba, Inna. Sai an gwada. Ko da haka ne, ke ma ba saye kika yi ba, daga wani wuri ya zo miki. A lokacinku ba wanda ya san da shi."

Hajjo ta ɗauki wuƙar ta ci gaba da yankan kuɓewa, ƙanana ƙanana, har ta gama kwanon. Ba ta yi kuka ba. Nazira ta fi son a ce ta yi faɗa.

Bayan azahar Hajjo ta yafa gyalenta ta ce, "Tashi ki kai ni wajen matar nan."

Sun tarar da Madam Geneviève tana wanke hannu. Hajjo ta gaishe ta da Fulatanci, sannan ta ce ita ba dogon bayani ya kawo ta ba, allurar take so ta gani da idonta. Madam ta yi murmushi, ta kai su wani ɗan ɗaki, ta buɗe firigo, ta ɗago wata 'yar kwalba da ba ta kai ɗan yatsa ba.

"Wannan ɗan abin?" in ji Hajjo.

"Shi ke nan, Dada."

"In wuta ta ɗauke fa? Na san halin wutarku ta Garwa."

"Da hasken rana yake aiki."

"In ranar ba ki nan?"

"Akwai Irène, abokiyar aikina. Na rubuta a karnen, duk wanda ya buɗe zai gani." Madam ta mayar da kwalbar ta rufe. "Ke ma da kin bari mun ɗebi jininki, tunda kin zo."

Hajjo ta ja hannunta cikin gyale. "Ba yau ba. Akwai yara biyu a gida, su za a fara kawowa in ruwa ya janye."

Suka fito bakin titi suna jiran moto. Hadari na haɗowa ta wajen kogi. Nazira ta saci kallon mahaifiyarta, ta ga kamar ta ƙara tsufa tun safe.

"Ki faɗa wa mijinki ya samo mini tabarma da babbar tukunya," in ji Hajjo, ba ta dube ta ba. "A nan za a yi wankan. Kuma ranar, ko ba a bar ni na shiga ɗakin haihuwa ba, ina bakin ƙofa har sai na ga an soka wa yaron nan allurar."