Uwar da Aka Ɓoye

Wayar ta yi ƙara daidai lokacin da Lorna ta kai kofin gahawa bakinta. Ko ba ta duba ba ta san mai kiran. Mutum ɗaya ce a duniya ke nemanta da sassafe haka, kuma ba don gaisuwa ba.

Ta saci kallon Keely, mai masaukinta, wadda ke tsaye gaban murhu tana soya ƙwai. Keely ɗaliba ce a sashen da Lorna ta zo neman shiga, inda ake horar da masu digirin digirgir kan kula da masu larurar ƙwaƙwalwa. Duk wanda aka gayyato ganawa a gidan ɗalibi ake sauke shi, a ce karamci ne. Amma kowa ya san da zarar baƙi sun tafi, malamai za su tara ɗaliban su ce, yaya kuka ga wance? Tun daga filin jirgi ake fara jarrabawar, har yadda ka wanke farantin da ka ci abinci ana lura.

Lorna ta fita baranda ko rigar sanyi babu, ƙanƙara tana cizon tafin ƙafarta ta cikin safa.

"Mama."

"Muryoyin nan sun dawo, Lorna. Suna cikin bututun ɗumama ɗaki. Sun ce jirginku ya faɗi."

"To wa kike magana da ita yanzu? Kin sha maganin safe? Je ki kicin, Mama. Faɗa mini abin da kike gani a kan tebur."

"Gishiri. Burodi. Tabarau na."

"Sai me kuma?"

A hankali numfashin mahaifiyarta ya daidaita, har ta ji ƙarar buɗe ƙofa, Anti Joleen mai kula da ita ta iso. Tun tana firamare Lorna ta iya wannan aikin, ba kuma a littafi ta koya ba.

Da ta koma ciki Keely ta tura mata faranti tana murmushi. "Ƙawata, ba laɓe na yi miki ba, tagar ce ba ta rufuwa. Amma muryar nan taki, kamar wadda ta shekara goma tana ganin marasa lafiya. Wace ce?"

Wannan ce shekara ta uku da Lorna ke nema, kuma ta yi wa kanta alkawari ita ce ta ƙarshe. Tsohuwar malamarta ta ja mata kunne: ki faɗi komai, ban da gida.

"Wata tsohuwa ce a unguwarmu," ta ce. "Nakan ɗan taimaka mata."

"Har hankalina ya kwanta. Bara wani yaro ya zo, ga ƙoƙari ga ladabi. A wurin cin abinci kawai ya hau ba mu labarin yayansa da ke asibitin ƙwaƙwalwa, har da ƙwalla. Da aka tambaye mu, to, me za mu ce? Cewa muka yi bai san abin da ake bari a gida ba."

Lorna ta gyaɗa kai ta ci ƙwanta. Da safen nan, tana neman tawul a banɗaki, ta ga wata kwalbar magani an tura ta can ƙurya, an ɓare takardar sunan da ke jikinta. Ta gane ƙwayoyin daga launinsu, irin waɗanda Mama ke sha ne. Keely ba ta ce komai a kai ba, ita ma ba ta ce ba.

* * *

Farfesa Halvorsen dattijo ne mai taushin murya, bangon ofishinsa cike da lambobin yabo. Aikin da ya yi suna a kai shi ne yaƙi da ƙyamar da jama'a ke nuna wa masu taɓin hankali. Lorna ta karanta duk abin da ya rubuta, wasu shafukan ma har kuka suka sa ta, don a ganinta ga mutumin da ya san gidansu ba tare da ya taɓa shiga ba.

"Me ya kawo ki wannan fanni, Lorna?"

Ta zubo masa amsar da ta haddace gaban madubi, wani darasi da ya ja hankalinta a jami'a, wani bincike da ta taya yi. Ya saurara yana juya biro.

"Abin da kika rubuta kan iyalan masu jin muryoyi ya tsaya mini a rai. Kamar kin zauna da su."

Saura kaɗan ta faɗa masa gaskiya. Idan akwai wanda za a faɗa wa a duniya, ai wannan ne.

Sai ya ci gaba, yana dariya ƙasa-ƙasa. "Ina tambaya ne don kowace shekara sai mun samu 'ya'yan marasa lafiya. Mutanen kirki ne, ban ce ba. Amma kansu suke zuwa yi wa magani, ba ilimi ke kawo su ba. Karatun nan shekara shida ne, a tsakiya gida ya kira, shi ke nan mun yi asarar gurbi. Ke dai babu abin da zai janye ki?"

"Babu, Farfesa. Karatu na yi sosai a kansu."

"Ya nuna."

Ya yi wani barkwanci kan masu zuwa neman digiri alhali gadon asibiti suke buƙata. Lorna ta yi dariya. Ta ji dariyar da kunnenta, ta fito tsaf, babu rawa a cikinta, kuma ita ce abin da ya fi yi mata ciwo a duk ranar.

* * *

Ƙanƙara ta fara narkewa ranar da aka kira ta aka ce an ɗauke ta. Ranar ta dace da lafiyar Mama, muryoyin sun yi shiru, har ta gasa kaza da dankali, ta kira 'yan cocinsu ɗaya bayan ɗaya tana cewa 'yarta za ta zama dokta.

Suna cikin ci Mama ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito riƙe da shuɗiyar rigarta ta zuwa biki, an goge ta sumul.

"Da wannan zan raka ki. Ina so in ga malamin nan in yi masa godiya. In ce masa, ka gan ni nan, ni ce makarantarta ta farko."

Lorna ta sunkuyar da kai kan farantinta. "Ba a zuwa da iyaye, Mama."

"Ko gaisuwa?"

"Ba a yi."

Ciwon ya ɗauke wa Mama abubuwa da yawa, amma bai taɓa ɗauke mata sanin 'yarta ba. Ta daɗe tana kallonta.

"Me kika ce musu a kaina?"

Lorna ta kawar da fuska. Hawaye ne suka amsa.

"Ba su san da ni ba," Mama ta ce, ba da sigar tambaya ba. Ta zauna a hankali, rigar a kan cinyarta. "Da sun sani, da ba su ɗauke ki ba?"

"Da ba su ɗauke ni ba."

"Su masu maganin namu?"

"Su, Mama."

Mama ta shafa wuyan rigar da yatsa, tana gyara wata 'yar lanƙwasa da babu ita. Lorna ta so a yi mata faɗa, ta so a zage ta, ko nauyin ya ragu. Amma da Mama ta ɗago, babu fushi a fuskarta.

"Kin yi daidai, 'yar nan. Kada ki bari su ji. Ni ma zan taya ki." Ta jawo wayarta daga aljihu, ta kashe ta, ta tura gaban Lorna. "Ki ba Joleen ta riƙe. Na san kaina, idan muryoyin suka zo ba na iya haƙuri, sai in kira ki a gaban mutane."

"Mama, to idan sun zo wa za ki kira?"

"Zan zauna a kicin," ta ce. "Ai ba sa kwana."

Ta miƙe ta koma ɗaki. Daga inda Lorna take zaune ta ji ƙarar buɗe kabad, ta ji an rataye rigar, aka rufe a hankali yadda ba zai dami kowa ba.