Agogon Bugun Zuciya na Malam Ilisha

A zamanin mulkin soja, lokacin da tsadar kaya ta hana kowa sakat, likita ya umarci Malam Ilisha, tsohon malamin firamare a Ikara, ya riƙa tafiya da sauri kowace safiya, amma ya lura da bugun zuciyarsa.

Ranar kasuwa ya je wurin Lado mai agogunan gwanjo. Lado ya fito da biyu masu auna bugun zuciya, ɗaya da ɗamarar ƙirji, ɗayan kuwa yatsa kawai ake ɗora masa.

"Baba, mai ɗamarar ya fi faɗin gaskiya," in ji Lado.

Ilisha ya gwada ɗamarar, ya ji ta matse shi. "Ɗana, wannan ai ita za ta tayar min da zuciyar." Ya ɗauki na yatsa.

Da ya isa gida, sai ya tarar lambobin sun yi wa idonsa ƙanana. Matarsa Rosaline ta karɓa ta duba.

"Malam, gobe tare za mu fita, ni zan karanta maka."

Haka suka saba bin hanyar Saulawa da sassafe. Su tsaya a gindin mangwaro ta karanta masa, wani lokacin kuma hira ta ɗauke su har su wuce bishiyar.