Ranar da Jandutsi ta kwance danga

Ban taɓa ɓoyewa ba, haushin Alhaji Magaji na ji a kan rijiyar nan. Shekarar da anka yi jihar Kebbi kowa na neman inda zai kafa kansa, shi kuwa ya kwashi ribar kamfaninmu na albasa ya haƙa wa mutanen Jandutsi rijiyar burtsatse. Bai tsaya nan ba, ya ce motar kamfani ce za ta riƙa kai marasa lafiyarsu asibitin Jega, ko an fara lodi a sauke. Ni Ya'ƙub, ni ke kula da rumbunan albasar, kuma na faɗa masa ido da ido cewa mu 'yan kasuwa ne, ba ƙaramar hukuma ba.

Ya yi murmushi ya ce, "Malam Ya'ƙub, leburorinka ashirin ɗin nan, ina suke kwana?"

Na ce Jandutsi.

"To wanda ya baro iyalinsa ba ruwan sha, da wace zuciya zai ɗaukar maka buhu?"

Na yi tsaki a ciki. Amma dai na lura da abu guda: wani dillali ya zo daga Aliero ya yi musu tayin ƙarin kuɗin yini, ko mutum ɗaya bai bi shi ba.

Ƙarshen bazara, Alhaji ya tafi Maiyama ta'aziyya. Na ji wani rumbu ya fara wari, sai na sa a fitar da albasar duka, a baza a fili a tsince ruɓaɓɓu. Ummaru, babban leburorin, ya dubi gabas ya ce, "Malam, iskar ga ba ta yi min ba." Na daka masa tsawa, na ce shi ba boka ba ne. Anka baza ta buhu ɗari shida.

Bayan azahar gabas ta yi baƙi ƙirin. Albasa in ta sha ruwan sama, ta gama yawo, cikin kwana uku sai kwashewa zuwa juji. Tamfal biyu kacal gare mu na rufewa. Na tsaya ina kallon jarin Alhaji da abincin mutum ashirin a shimfiɗe a ƙasa, kuma da bakina na shimfiɗa su. Ina waiwayawa na hango Ummaru ya zura da gudu ya nufi gari. Allah ya yafe mini abin da na kira shi.

Iska ta taso. Can sai na ga abin da ban taɓa gani ba. Zana ce ke tafiya a kan hanya, ɗaya bayan ɗaya, kamar garin ne ya miƙe da ƙafarsa. Maza sun ɗauko bibbiyu a ka, 'yan mata na ja a ƙasa, har da wata tsohuwa, Goggo Hindu, tana jan tata tana haki. Ba wanda ya jira umarnina. Sunka tara albasar tsibi-tsibi, sunka jingina zanar kamar jinka, ruwa ya kece, sunka tsaya a ciki suna danne gefuna don kada iska ta yaye. Da anka ɗauke ruwan, abin da ya jiƙe bai kai buhu goma ba.

Washegari na loda zanar a mota na kai musu. Sai da na shiga gari na gane daga inda ta fito. Gidaje a buɗe, ba danga ko ɗaya. Daga titi kana ganin turmi, murhu, randa, shanyar tufafi. Matan da ko muryarsu baƙo bai taɓa ji ba sun kulle kansu a ɗaki cikin wannan zafi.

Na durƙusa gaban Goggo Hindu na ce, "Goggo, kun tone asirin gidajenku saboda albasa?"

Ta ce, "Ranar da jikata ta kasa haihuwa, albasar ga anka sauke daga mota anka ɗauke ta. Ɗan nan, tashi ka riƙe min dirka."

Na riƙe. Gida goma sha bakwai na ɗaure wa danga a ranar, kuma ban ɗaga kaina na dubi tsakar gidan kowa ba.