Takarda Ta Shida

Ta juye akwatin a kan tebur, takardu suka zube har wasu suka faɗa ƙasa. Ba ta yi saurin ɗauka ba. Aikin kowace Laraba ke nan: sakatariyar coci ta buɗe akwatin roƙon addu'a, ta warware abin da jama'a suka jefa ranar Lahadi, ta kasa shi kashi-kashi, marasa lafiya, masu neman aiki, masu neman aure ko haihuwa, sai masu maƙiya. Kashin maƙiya ne kullum ya fi tudu. In ka bi ta takardun nan, rabin ikilisiyar farautar ɗaya rabin yake yi, alhali ranar Lahadi benci ɗaya suke zama suna leƙa littafin waƙa ɗaya.

Da can takan yi dariya ita kaɗai. Yanzu mako shida ke nan da binne 'yarta, 'yar shekara takwas, kuma tun ranar babu abin da ya ba ta dariya, babu abin da ya sa ta kuka. Takan ci abinci don an ajiye mata. Takan ce amin don an zo wurin amin.

Akwai wata takarda da ta saba gani 'yan makonnin nan, an ninke ta ƙanana-ƙanana har ta koma kamar ƙwayar magani, in an warware kuma ba komai a ciki. Ta ɗauka wasan yara ne. Biyar ta jefa a kwandon shara. Yau ma ga ta. Ta warware don sabo kawai, hannunta ya riga ya nufi kwando, sai ta ga rubutu.

Fensir ne. Lissafi uku, biyu malama ta yi musu maki da jan biro, ɗaya ta kewaye. Ga bakwai ɗin nan mai ƙugiya a ƙafa, wadda ita kanta ta yi ta faɗa a kai har ta gaji. Rubutun 'yarta ne. Ta zauna tana jiran zuciyarta ta yi wani abu, ba ta yi ba. Fanka na ta juyawa a sama.

A haka shugabar masu addu'a ta same ta. Mama Wuta ake ce mata a bayan ido, domin ko addu'ar abinci aka ba ta sai ta sauko da wuta a kan wani. Ba muguwa ba ce. Ita ta wanke gawar yarinyar, ita ta kwana uku a gidan tana dafa wa baƙi. Amma tun mako na biyu ta ce an nuna mata cikin addu'a cewa zazzaɓin da ya kashe yarinyar ba na asibiti ba ne, yaƙi ne tsakanin haske da duhu, kuma maƙiyin yana cikin gida. A gidan kuwa ban da sakatariya da mijinta, sai uwar mijin, tsohuwar da aka bar wa yarinyar ranar da zazzaɓin ya tashi, ba ta kira kowa ba har yamma.

Mama Wuta ta karɓi takardar, ta juya ta gaba da baya.

"Wa ke da littattafan yarinyar?"

"Suna ɗakin kakarta. Tare suke kwana."

"To, me kuma kike jira, ƙanwata? Ta ci ta, yanzu tana kawo kayanta gidan Ubangiji tana ɗaurewa. Dubi ninkin nan, wannan ninkin mutumin kirki ne? Yau ƙarfe biyar ki rubuta sunan. Mu namu addu'a ne, sauran na Yesu."

Kowa ya san yadda ake yi. Wanda aka cuta ya rubuta sunan maƙiyi, a karanta a gaban jama'a, a ƙona a kwanon ƙarfe, a yi ta addu'a har toka ta huce. Daga ranar babu mai zama kusa da mai sunan a coci, babu mai karɓar ruwa a hannunsa. Mijin sakatariya direban tanka ne, yana kan hanya. Ranar da ta gaya masa zargin a waya, ya ce shi ya gaji, abin da suka gani su yi, in ya dawo zai nemi inda zai kai tsohuwar.

"To, Mama," in ji sakatariya. Da Mama Wuta ta ce kada ta rubuta, to ɗin nan dai za ta ce.

Da azahar ta hau bas zuwa gida. Wata mata ta ɗora mata kwandon kaya a cinya ba tare da ta tambaya ba, ita kuma ta riƙe mata har inda ta sauka.

Tsohuwar na zaune a bakin gado tana ɗinke wuyan wata tsohuwar riga. Gefen da yarinyar ke kwanciya a gyare yake, filo a inda yake. A bayan ƙofa akwai jaka, an ɗaure bakinta da igiya.

Sakatariya ta miƙa mata takardar. "Inna, wannan taki ce?"

Tsohuwar ta kai ta kusa da ido. "Tawa ce. Fararen ne suka ƙare." Ta sa hannu ƙarƙashin filo ta zaro littafin lissafi, ya rame, duk shafukan baya an yage. "Ban so taɓa masu rubutunta ba. Amma Lahadi ta zo."

"Me kike yi da su?"

"Abin da kowa ke yi. Ni ban iya rubutu ba, 'yar nan, kin sani. Ƙawata ce ke rubuta mini. In faɗa, ta rubuta, tana gyara mini magana, wai ba a ce wa Allah haka."

Sai sakatariya ta tuna. Shekara biyu tana samun takardu da rubutun 'yarta: Kaka tana ciwon gwiwa. Kaka tana so Baba ya dawo lafiya. Takan sa su a kashin marasa lafiya tana murmushi. Ba ta lura da ranar da suka daina zuwa ba, ba ta kuma haɗa su da fararen ba.

"Yanzu sai in faɗa wa takardar da baki," in ji tsohuwar, "in ninke da kyau kada maganar ta zube a hanya."

"Me kike faɗa?"

"Abu biyu ne kullum. In ce Allah ya yafe mini, na ɗauka zazzaɓin zai sauka, na bar ta ta yi barci. In ce kuma ya ba ki kuka. Ba ki yi ba. Bango ɗaya ne tsakaninmu, da kin yi da na ji." Ta koma kan allurarta. "Ana kai su wurin addu'a dai ko? Ke ce mai buɗewa."

Sakatariya ta dubi jakar da ke bayan ƙofa.

"Na ji yau ne, labarin ya riga ki isowa," in ji tsohuwar. "Gara a same ni a shirye. In abin zai sauƙaƙa miki, ki rubuta. Ni ma na tambayi kaina ko ni ce."

Ba ta ji tausayinta ba, gaskiyar magana ke nan. Ba ta ji haushinta ba kuma. Abin da ta ji kawai, takardu biyar ne a kwandon shara, kuma hannunta ne ya jefa su.

Ƙarfe biyar ɗakin addu'a ya cika, mata kusan talatin da maza 'yan kaɗan. An yi waƙa biyu. Kwanon ƙarfe na kan kujera a tsakiya, akwatin ashana a gefensa. Kamar kullum, sakatariya ce ke fara karanta roƙe-roƙen mako kafin a shiga yaƙi. Ta karanta na marasa lafiya, ta karanta na masu neman aiki, murya ɗaya, kamar mai kiran sunayen 'yan aji. Da ta gama, Mama Wuta ta miƙo mata farar takarda da biro.

Ta karɓa. Ta daɗe tana kallon takardar. Wani ya yi tari a baya. Sai ta ajiye biron a kan kujera, kusa da ashana.

"Akwai saura," ta ce. "Wata tsohuwa ta aiko da takarda shida. Biyar na zubar, ban san roƙo ba ne."

"Ƙanwata, sunan muke jira."

"Ban gama karatu ba, Mama."

Ta ciro takardar lissafin daga jaka, ta warware, ta riƙe ta da hannu biyu kamar sauran. Bakwai mai ƙugiya na kallonta.

"Roƙonta biyu ne. Na farko, ta ɗauka zazzaɓin jikarta zai sauka, ta bar ta ta yi barci. Tana roƙon Ubangiji ya yafe mata."

Can daga baya wata murya ta ce amin, a hankali, kamar mai tsoron a gane ta. Wasu biyu suka bi.

"Na biyu," in ji sakatariya.

Ta buɗe baki, maganar ta ƙi fita. Ta sake gwadawa. Wani abu ya ɗiga a kan lissafin, ya jiƙa jan biron malama, ta yi sauri ta goge da babban yatsa kada ya ɓata rubutun. Wani ya sake ɗiga.

Mama Wuta na tsaye da ashana a hannu, tana jira a karanta na biyun.